Ina Iyayenmu Mata a Tarihin Zango?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙungiyar unguwarmu ta ɗora mini haɗa ɗan littafin tarihin zangonmu. Abin da dattawa suka ba ni jerin sarakuna ne da limamai da masallatai, ko mace ɗaya babu a ciki. Ta ina zan fara neman labarin iyayenmu mata? Daga wata malamar makaranta, Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Jerin nan gaskiya ne, sai dai don sarauta da shari'ar fili aka adana shi. Haka yawancin takardun zamanin Turawa da za ki gani a ma'ajiyar gwamnati ko ta fadar Manhyia, wato fadar Sarkin Asante: da sarkin zango ake magana, shi ne ke sa hannu. Labarin mata yana bakin tsofaffi da cikin akwatunansu.

Ki fara da sana'a. Bayan yaƙin basasar garin Salaga na 1892 fatake sun watsu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da Accra, kuma baƙon da ya zo da shanu ko ya zo sayen goro gidan fatoma, wato mai masaukin fatake, yake sauka. Sunan fatoma ake tunawa, amma wa ke dafa wa baƙin nan tuwo safe da dare har su gama ciniki? Wa ke ɓare goro, ta wanke, ta ware mai tsutsa kafin a naɗe shi a ganye? Daga nan ki bi masu koko da ƙosai, masu fura, masu tuwon zafi da shinkafa da wake, abincin da yanzu duk Ghana ake ci. Ki nemi uwar adashi, da ungozoma, da malamar da ta karantar da yara a tsakar gida, da magajiya mai haɗa kan mata a biki da makoki.

Kada ki ce wa tsohuwa "ba ni tarihi". Za ta ce ki je wurin liman. Ki ce, "Hajiya, wa ya koya miki wannan sana'a? Ita kuma daga wane gari ta zo? Nawa ake sayar da ludayin koko a lokacin?" Tambaya ɗaya irin wannan takan fito da sunaye uku.

Ki je bayan la'asar da ɗan goronki, a zauna a ɗakinta. A nan aka fi yin kuskure: in ɗanta ko mijinta na zaune, shi zai riƙa amsawa, ita ta yi shiru saboda kara. Zama kada ya wuce minti 45. Gara ki dawo sau biyu ko uku, don a zama na biyu ne ake fito da hoton Makka da tsohon fasfo da takardar gida. Takardar gidan nan ki duba ta da kyau. Sau da yawa kuɗin mace ne suka gina gida, amma sunan miji ko ɗa ke jikin takarda, sai kin tambayi wanda ya biya magina.

Sai batun suna. Tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ko ɗan farinta ba, kada ki matsa mata. Ki tambayi ƙanwarta daga baya. Kowace mace ki rubuta mata sunan yanka, da laƙabi, da sunan sana'a, da gidan da take. In ba haka ba za ki tara "Mai Koko" huɗu ki ɗauka mutum ɗaya ce.

Shekara kuwa ba a tambayarta kai tsaye. Ki ɗaura labari a jikin abin da kowa ya sani: kafin samun 'yancin kai a 1957 ko bayansa? Da fam da sule ake ciniki, ko sidi, kuɗin Ghana, ya shigo, wato daga 1965? Kafin korar baƙi ta zamanin Firayim Minista Busia a 1969? Kafin motoci su koma hannun dama a 1974? Shekarar yunwa ta 1983? Ki dakata sosai a kan 1969, ki tambayi wa ya riƙe gida da marayu da rumfar kasuwa bayan masu su sun tafi. Abin da mace ɗaya ta faɗa, ki nemi wata daga wani gida ta tabbatar kafin ki buga.

Ki nemi izini kafin ki kunna na'urar ɗaukar murya a waya, ki faɗi kwanan wata da sunan gida a farkon kowane faifai. A ranar ki kwafe shi zuwa kwamfuta da wani wuri na biyu, don waya na ɓacewa. Ki rubuta maganarta yadda ta faɗa, har da yaren Twi ɗin da ta haɗa. Kafin a kai wa mai bugawa, ki karanta mata abin da kika rubuta; maganar kishiya ko bashi ko asalin bauta, in ta ce a cire, a cire.