Filin Tambaya da Amsa: Ƙasar da muke takawa ba a tsaye take ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah me yasa girgizar ƙasa ta fi yawa a wasu ƙasashe kamar Turkiyya da Japan, wasu kuma shekara da shekaru ba a jin komai? Kuma ina ganin wasu a Facebook suna cewa sun san ranar da za ta faru, gaskiya ne? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, tambayarki ta yi ma'ana sosai. Abu na farko da nake so ki riƙe shine, wannan ƙasar da muke takawa muke gini a kanta ba dunƙule ɗaya bace. Ɓawonta a farfashe yake, manya-manyan farantai ne na dutse da suke zaune a kan wani dutsen mai tsananin zafi wanda duk da ba ruwa bane amma yana malala a hankali cikin miliyoyin shekaru, toh waɗannan farantan tafiya suke yi, santimita kaɗan a shekara, kusan yadda farcen hannunki yake tsirowa.

Matsalar tana bakin farantan ne, inda biyu suka haɗu. Ɗaya na son wucewa ɗaya ya riƙe shi, duwatsun su cije da juna su ƙi motsi, ƙarfi yayi ta taruwa shekara ɗari, ɗari biyu, wani lokacin fiye, ran da dutsen ya kasa jurewa sai ya sulluɓe cikin daƙiƙoƙi, tafiyar da ya kamata ayi a hankali tsawon ƙarni sai ayi ta lokaci ɗaya. Wannan sulluɓewar ita ce girgizar. Turkiyya tana zaune ne a kan wani ƙaramin faranti da na yankin Larabawa yake matsawa daga kudu, na Turai da Asiya kuma ya tare shi ta arewa, shi yasa yake zamewa yamma. Ranar 6 ga Fabrairun 2023 da asuba, ƙarfe 4:17, mutane na barci, girgiza mai ƙarfin maki 7.8 a ma'aunin girgizar ƙasa ta auku, bayan kamar awa tara wata mai maki 7.5 ta biyo, sama da mutum 50,000 suka rasu a Turkiyya da Siriya, Allah ya jiƙansu. Japan kuwa farantai da yawa ne suka haɗu a ƙarƙashinta. Ƙasashen dake tsakiyar faranti, nesa da baki, suna samun sauƙi amma fa ba wai sun tsira gaba ɗaya bane.

Batun masu cewa sun san rana kuwa, kar ki yarda dasu. Masana suna iya nuna wurin da haɗarin yake, su ce cikin shekaru kaza akwai yiwuwar babbar girgiza, amma rana da awa har yau babu wanda ya iya. Abinda ake dashi a Japan da Meziko shine na'urorin da suke jin girgizar bayan ta riga ta fara, su tura gargaɗi waya da talabijin kafin mummunan kaɗawar ya iso, daƙiƙoƙi ne kawai, amma sun isa jirgin ƙasa ya taka birki mutum ya shige ƙarƙashin tebur.

Kuma akwai abinda yake damuna wallahi duk lokacin da ake wannan magana. A Janairun 2010 girgiza mai maki 7.0 ta auka wa Haiti, fiye da mutum 100,000 suka mutu. A watan Fabrairun shekarar mai maki 8.8 ta auka wa Chile, wadda ƙarfinta ya ninka waccan kusan sau 500, domin duk ƙarin maki ɗaya ninki kusan 32 ne, amma waɗanda suka rasu ɗari biyar da 'yan kai ne. Akwai dalilai da dama, amma babba a ciki shine gini. Chile ta sha wuya a 1960 da girgiza mafi ƙarfi da aka taɓa aunawa, maki 9.5, sai suka tsaurara dokar gini suka kuma bi ta. Rodi da siminti da aka yi ha'inci a kansu su suke danne mutane.

Tambaya: Malam naga bidiyon wani tsagin ƙasa a Kenya ance Afirka ce take rabewa biyu. Ya abin yake? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Ɗan'uwa, rabin labarin gaskiya ne. Gabashin Afirka yana janyewa daga sauran nahiyar, tun daga Habasha har Mozambik, amma milimita kaɗan ne a shekara, kafin teku ya shiga tsakani sai miliyoyin shekaru in ma abin ya cigaba. Shi wancan tsagin da ya yanke titi kusa da garin Mai Mahiu na Kenya a 2018 bayan ruwan sama mai yawa ya bayyana, kuma masana da dama sun ce ruwan ne ya kwashe tokar dutse mai aman wuta dake ƙasa. In kana son misali na ainihi ka duba yankin Afar a Habasha, a Satumban 2005 narkakken dutse ya kutso ya buɗe ƙasa tsawon kilomita kusan 60 cikin 'yan makonni, wani wurin faɗin ya kai mita 8. Kuma ba sabon abu bane, Bahar Maliya haka ta samu da yankin Larabawa ya rabu da Afirka, haka ma Amurka ta Kudu da take manne da mu a da. Wani Bajamushe Alfred Wegener ya faɗi wannan tun 1912 akai masa dariya, ya rasu a 1930 ba a yarda dashi ba, sai a shekarun 1960 da aka auna ƙarƙashin teku hujja ta fito.

Tambaya: Ta yaya aka san abinda ke cikin ƙasa tunda ba wanda ya taɓa shiga? Daga wani mai karatu.

Amsa: Lallai ba wanda ya shiga. Rami mafi zurfi da ɗan Adam ya haƙa shine na Kola a Rasha, mita 12,262, zafi ya kai digiri 180 aikin ya gagara, alhali zuwa tsakiyar duniya kilomita 6,371 ne. Girgizar ƙasar nan dai ita ta nuna mana. In ta auku motsinta yana ratsa cikin duniya ya fito ta wani gefen, na'urori su kama shi, kuma akwai wani nau'in motsin da baya iya wucewa ta cikin abu mai ruwa-ruwa. Da aka ga yana ɓacewa daga zurfin kilomita 2,900 sai aka gane akwai narkakken ƙarfe a wurin. A 1936 wata masaniya 'yar Denmark, Inge Lehmann, ta lura wasu motsin suna dawowa daga inda bai kamata ba, ta gano akwai dunƙulen ƙarfe mai tauri a can tsakiya, zafinsa ya haura digiri 5,000 amma nauyin dake danne shi ya hana shi narkewa.