Kwana tara kunnena bai daina ƙara ba: tambaya kan kiɗan fank da metal na Ingila

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Birmingham, ina shekara ta biyu. Tun ina gida nake ɗan taɓa jita. Da na zo nan, wani abokin karatuna ya ja ni zuwa wasannin ƙananan ƙungiyoyin nan masu gauraya zazzafan fank (punk) da metal irin na da, masu bin sawun ƙungiyoyin Discharge da Amebix. Abin ya shiga raina, kusan kowane mako sai na je, har mu huɗu mun kama ɗakin gwaji muna namu. Da, in na dawo gida kunnena yakan yi "tsiii" zuwa safiya ya daina. Wannan karon yau kwana tara ke nan bai daina ba, na hagu ya fi, da dare har barci yake hana ni. Abokaina sun ce kunne ne yake sabawa, kowa ya bi ta nan. Wani ɗan gida kuma ya ce in ɗiga man tafarnuwa. Malam, shin wannan kiɗan ya fi sauran illa ne, ko dai tsoro ne kawai ya kama ni?

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanena. Ba tsoro ba ne kawai, kuma ka yi dabara da ka tambaya a kwana na tara ba a shekara ta tara ba.

Bari in fara da abin da ba ya jira. Ka toshe kunnen dama da yatsa, ka saurari magana da na hagu. Idan ka ji jin ya ragu ƙwarai, musamman in lokaci guda ya faɗi, ko akwai jiri, ko ƙarar tana bugawa tare da bugun zuciyarka, to ka ajiye wannan karatun ka buga 111, layin neman shawarar lafiya cikin gaggawa a Ingila, yau. Faɗuwar ji farat ɗaya a kunne guda abu ne da ake son likita ya gani cikin kwana ɗaya, domin maganin da ake bayarwa da wuri yake aiki. In ba haka ba ne, ka nemi ganin likitanka cikin makon nan, ka ce a yi maka gwajin ji.

Tunda ka san Discharge da Amebix, ba sai na tsaya ba ka labarin Sex Pistols ko Black Sabbath ba. Abin da zan nuna maka shi ne abin da gaurayen ya haifar a cikin ɗaki, don a nan amsarka take, kuma a bayan teburin haɗa sauti na irin waɗannan ɗakunan na yi yawancin aikina.

Metal ya zo da kayansa. Amfilifayar Marshall (na'urar ƙara ƙarfin sautin jita) mai wat 100, a kan akwati biyu, kowanne da sifika huɗu masu inci 12, tun 1965 aka ƙera ta, kuma don manyan zaure aka ƙera ta, a zamanin da jita da kanta za ta kai sautinta har layin ƙarshe. Irin wannan amfilifaya ba ta ba ka kaurin muryar da kake so sai ka murɗe ta. Shi kuma fank ya zo da ɗakinsa: bayan mashaya, ƙarƙashin ƙasa, gidan da aka yi watsi da shi matasa suka shige. Da gangan ne, domin aƙidar ita ce kuɗin shiga kaɗan, babu shinge tsakanin mai kiɗa da mai kallo. A 1982, shekarar da Discharge na Stoke-on-Trent suka fitar da babban faifansu na farko a kamfanin Clay, marasa aikin yi a Birtaniya sun haura miliyan 3, wa ke da kuɗin babban zaure? Amebix sun taso a Devon, suka koma Bristol suna kwana a irin waɗancan gidaje. Antisect daga Daventry, Sacrilege daga yankinku na Midlands, Hellbastard daga Newcastle, waɗanda kasetinsu na 1986 ake yawan dangantawa da sunan "kirast" da ake kiran salon. A garin da kake ma a da akwai mashayar Mermaid a kan titin Stratford, inda Napalm Death suka yi ta wasa a tsakiyar shekarun 1980 kafin mai gabatar da shirin kiɗa John Peel ya fara sa su a rediyon BBC. Duk sun ɗauko nauyin Black Sabbath da gudun Motörhead suka zuba a ɗakin da bai fi zauren mai unguwa ba. Yaran da kake zuwa kallo yau sun gaji kayan, sun gaji ɗakin.

Ga yadda abin yake faruwa, na gani ba sau ɗaya ba. Mai ganga ya fara bugun nan da aka sa wa sunan Discharge, hannunsa na dama bai ɗaga daga kan faifan tagulla ba tun farkon waƙa har ƙarshe. Mai jita bai jin kansa, sai ya juya ya ƙara. Mai bes (jita mai kaurin murya) ya ga haka, shi ma ya ƙara. Mai waƙa ya dube ni yana nuna sama da yatsa. Ni kuwa a irin wannan ɗakin murya kaɗai ce a hannuna, sauran duk daga kan dandamali suke fitowa kai tsaye, ko na kashe teburina gaba ɗaya ba abin da zai ragu. Rufin ɗakin ƙasa-ƙasa, bango bulo tsirara, sauti ya daki bango ya dawo. Kuma jitar da aka cika wa kaushi ba ta numfashi, ba hawa ba sauka, ƙarfinta ya taru a daidai zangon sautin da ramin kunnen ɗan Adam yake ƙara wa ƙarfi da kansa, wajen hatz 3,000 (hatz shi ne ma'aunin sirantaka ko kaurin sauti). To eh, a wannan ma'anar ya fi yawancin kiɗa cin kunne. Laifin ba na waƙar ba ne, na kaya ne da ɗaki da tsawon lokaci.

Yanzu ga maganar da ta fi ɓata mini rai, wadda ba ranar da ba na jin ta: wai kunne yana sabawa.

Kunne ba ya sabawa da ƙara. Ba damtse ba ne da za ka ɗaga ƙarfe ya yi kauri. Abin da abokanka suke kira sabo sunansa kurumta, sai dai ta ɗan lokaci ce a farko. Ka tuna yadda ƙungiyar farko take dukan kunnenka da ƙarfe takwas, amma zuwa sha ɗaya ka ji ta ƙarshe daidai, har kana matsawa gaba? Ba su rage komai ba, sau da yawa ma ƙarawa suka yi. Kai ne ka ragu. Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani abu mai kama da katantanwa, cikinsa ƙwayoyi masu gashi kimanin 15,000, su ne ke mayar da motsin iska ya zama saƙon da ƙwaƙwalwa ke ji. Ƙara mai yawa tana kwantar da su kamar yadda shanu ke kwantar da ciyawa. Da farko sukan miƙe bayan kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa da zuwa safiya kake jin sauƙi. Ran da suka ƙi miƙewa shi ke nan, a jikin mutum ba sa sake tsirowa. Ko miƙewar ma ba shaida ba ce cewa an tsira: a 2009 Kujawa da Liberman sun nuna a jikin ɓeraye cewa bayan ji ya dawo daidai a ma'auni, wani kaso na mahaɗar jijiyoyin ya riga ya tsinke.

Lissafin ba wuya. Da desibel ake auna ƙarfin ƙara. Desibel 85 kunne zai ɗauka na awa 8. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa ɗaya, 100 minti 15. In ka kai 106, ƙasa da minti 4. Ƙaramin ɗaki da mai ganga mai ƙarfin hannu da Marshall biyu, wuce 100 ba abin mamaki ba ne. Ƙungiya huɗu a dare, kowacce rabin awa. Ka lissafa da kanka. Sannan ka ɗora ɗakin gwajinku a kai, wanda ni shi na fi zargi, domin can awa biyu ko uku kuke yi ƙofa a rufe. Ina iya cin amana cewa faifan tagullar mai gangarku ko sifikar wani a hagunka take.

Wanda ya ce maka "ni yanzu ba na jin zafin ƙarar" gaskiya ya faɗa, amma bai san abin da yake faɗa ba. Daidai yake da mai injin markaɗe a kasuwa, wanda in kun haɗu a masallaci ma da ihu yake gaishe ka, kuma zai rantse maka injin bai dame shi ba. Sabo turken wawa. Ni ma na ɗaure a wannan turken shekaru, ina ganin matoshin kunne zai hana ni jin abin da nake haɗawa, ga shi yanzu ina da tawa ƙarar da ba ta tafiya hutu. Ba ka zama kurma tashi guda. Siraran sautuka ne ke fara tafiya, wajen hatz 4,000, inda "s" da "f" da "sh" da "ts" suke zaune. Kana jin murya, kana jin karin magana, amma a cikin taro ba ka raba "fata" da "sata". Sai ka fara cewa mutane ne ba sa buɗe baki.

Akwai kuma jarumtar banza da ta zo da salon. Motörhead har faifai suka sa wa suna da alfaharin sun fi kowa ƙara, yara suka ɗauka wanda ya toshe kunne rago ne. Lars Ulrich, mai gangar Metallica, waɗanda suka sake rera waƙoƙin Discharge biyu a 1998, ya sha faɗa a bainar jama'a cewa yana fama da ƙarar kunne saboda shekarun da ya yi yana bugu ba kariya. Abin dariyar shi ne, wannan kiɗan kansa a kan kada ka yarda a cuce ka aka gina shi, da yawa daga waƙoƙinsu kan yaƙi da makaman nukiliya ne. Sai ga mutum ya biya kuɗin shiga ya yi wa kansa abin da masana'antar Midlands ta yi wa kakannin abokansa.

Kada kuma ka ce ai da da haɗari da hukuma ta hana. Dokar ƙara a wurin aiki ta 2005, wadda ta hau kan wuraren kiɗa a 2008, ma'aikaci take karewa: mai sayar da abin sha, mai gadi, irina. Kai mai tikiti, abin da ke akwai shawara ce kawai daga hukumar lafiyar wurin aiki, cewa matsakaicin ƙarar wasa kada ya wuce desibel 107, wanda in ka koma lissafin sama ka san mintoci nawa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2022 ta ce 100. Ita kuwa ƙaramar hukuma, in ta turo jami'i da ma'auni, a waje yake tsayawa, wajen tagar maƙwabci. Barcin maƙwabci yake aunawa, ba kunnenka ba.

Man tafarnuwa kuwa, ka gode wa ɗan'uwan ka bar shi a kicin. Ɓarnar tana can bayan dodon kunne, inda ba mai da zai kai. In kuwa dodon ya huje, man zai shiga inda bai kamata ba, ka ƙara ciwo a kan ciwo. Haka kyandir ɗin da ake kunnawa a kunne, haka ƙwayoyin da ake tallatawa a intanet wai suna kashe ƙarar cikin mako. Ba ƙwayar da aka tabbatar tana yin haka. Kada ka soka tsinken auduga ma. In dauɗar kunne ce ta taru, wadda takan ƙara ƙarar, likita zai gani ya cire.

Sabo na gaskiya guda ɗaya ne, kuma a ƙwaƙwalwa yake, ba a kunne ba. Kwana tara bai isa a ce ƙarar ta zauna ba, tana iya lafawa cikin makonni. Ko ta zauna, yawancin mutane ƙwaƙwalwarsu takan daina kula ta, kamar ƙarar firiji. Tsoro da rashin barci su ne ke rura ta. Da dare kada ka kwanta cikin tsit, ka kunna fanka ko rediyo can ƙasa-ƙasa. In ta ci gaba da hana ka sukuni, ka gaya wa likita ya tura ka sashen ji, suna da hanyoyin koya wa mutum zama da ita.

Ban ce ka bar kiɗan ba. Ka huta daga wasa da gwaji har a duba ka. In ka koma, da matoshi za ka koma. Na soso mai arha yana aiki in an sa shi daidai: ka murza shi ya zama siriri, ka ɗaga hannu ta bayan kai ka ja kunnen sama, ka tura, ka riƙe har ya kumbura. Wanda rabinsa ke leƙowa waje ado ne. Tunda kai mai jita ne, ka sayi na mawaƙa mai tacewa, akwai mai rage desibel 15, akwai mai 25. A ɗakinku mai 25 nake ba ka shawara. Za ka yi mamaki, a karon farko za ka ji abin da mai bes ɗinku yake bugawa. Ku ɗora sifikar jita a kan kujera ta kalli kan mai ita, ba gwiwarsa ba, shi da kansa zai rage. A wurin wasa ka bar gaban sifika, tsakanin ƙungiya da ƙungiya ka fita waje ka sha iska, hanyar gida kuma kada ka cusa iyafis don ka ƙarasa daren.

In an yi maka gwajin, ka karɓi takardar mai zanen layi biyu, ja na dama, shuɗi na hagu. Ka duba wajen 4,000 ko layin ya yi rami, ka ajiye ta, baɗi ka sake yi ka gwada su. Abokan naka uku ma ka ja su ku tafi tare, mai gangar ya fara shiga.