Ina Son Shiga Ƙungiyar Binciken Harshe a Jami'a, Ta Ina Zan Fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce daga unguwar Gwale a nan Kano. Na gama digiri na farko a fannin Hausa, ina shirin komawa digiri na biyu. Ina jin ana cewa wane yana cikin ƙungiyar bincike ta kaza, amma ban san abin da suke yi ba, ban kuma san yadda ake shiga ba. Wani yayana ma cewa ya yi an riga an gama binciken Hausa, in nemi wani fannin. Don Allah a yi mini bayani.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya sa albarka a karatun. Bari in fara da maganar yayanki, don ita ce za ta iya kashe miki gwiwa.

Yana da hujjarsa. Cikin harsunan Chadi, waɗanda sun haura 150, babu wanda aka yi wa hidima kamar Hausa. Bargery ya fitar da ƙamusunsa tun 1934, Parsons ya tsara giredin aikatau, wato rabe-raben aikatau bisa sigarsu, a 1960, Farfesa Galadanci ya rubuta nahawunsa a 1976, Paul Newman ya fitar da babban nahawu a 2000, Philip Jaggar ya biyo shi a 2001. Wanda ya ga waɗannan jere a kan kanta dole ya ɗauka kasuwa ta tashi. Sai dai ki lura, galibin wannan aiki a kan daidaitacciyar Hausa aka yi shi, kuma da jumlolin da mai bincike ya zauna ya tambayi mutum ɗaya ko biyu. Hausar da ake yi yau a Kantin Kwari, da ta 'yan Adaidaita Sahu, da ta mata a gidan biki, da Ingausar da ku matasa kuke yi a waya, kaɗan ne daga ciki aka naɗa aka rubuta aka adana yadda wani zai iya dawowa ya duba. Wannan kuwa aiki ne da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, shi ya sa ake haɗa ƙungiya.

Ƙungiyar bincike daban, sashe daban. Sashe shi ne mai ba ki gurbin karatu, ya koyar da ke, ya ba ki sakamako. Cibiya kuma tana da ofis da darakta da ma'aikata, kamar Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, wadda yanzu aka faɗaɗa sunanta ya haɗa da fassara da hikimomin al'umma. Ita ƙungiyar bincike sau da yawa ko allo ba ta da shi a bakin ƙofa. Malami ne babba da wasu ƙanana biyu ko uku da ɗalibansu, sun taru a kan tambaya guda, suna aiki da bayanai guda, suna zama lokaci zuwa lokaci kowa ya karanta abin da ya rubuta a yi masa gyara. Idan akwai kuɗi, yawanci daga TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, suke fitowa ko daga wata jami'ar waje da aka yi haɗin gwiwa da ita. Idan babu, aljihun malamai ne.

Ki dubi ita cibiyar ta Bayero, don ki ga abin da taron hannu yake haifarwa. Tun jami'ar tana Kwalejin Abdullahi Bayero a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ake aiki a can kan Hausa da Fulfulde da Kanuri. Newman ya jagorance ta a farkon shekarun 1970, kuma daga nan ƙaramin ƙamusun Hausa zuwa Turanci na 1977 ya fito. A 2006 ta fitar da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ke bayanin kalmar Hausa da Hausa. Duk wanda ya taɓa gwada bayyana ma'anar kalma irin su "dai" ko "kam" ba tare da ya ruga ya fake da Turanci ba ya san wannan ba aikin wata ɗaya ba ne. Sai an taru, wani ya kawo ma'ana, wani ya ce a garinsu ba haka take ba, a yi ta ja har a tsaya a kan magana.

Ga misalin abin da ake ja a kai. Mu rubuta "baba". Mahaifi ne, ko babar da ake girmamawa, ko baban da ake rini da shi a Ƙofar Mata? Rubutu ɗaya, amma karin sauti uku: na farko ƙasa-sama, na biyu sama-ƙasa, na uku sama-sama. "Gari" na zama da "gari" na tuwo tsawon wasali ya raba su. "Bara" mai yi wa sarki hidima da "bara" ta almajiri kuwa, irin "r" ɗin ne ya bambanta, ɗaya ra-kaɗe ɗaya ra-gare. Kunnen Bakano yana raba su ba tare da tunani ba, amma rubutunmu na yau da kullum bai nuna ko ɗaya. To idan an naɗo hirar awa guda, sai wani ya zauna ya rubuta ta, ya sa wa kowace gaɓa alamar karin sautinta, sannan wani daban ya sake saurare ya duba. Hirar minti goma tana iya cinye miki yini. Ana amfani da manhajoji na kyauta irin su ELAN da Praat, kuma wannan shi ne aikin da sabon shiga yake farawa da shi. Ba ya da daɗi, gaskiya, amma a nan kunne yake gogewa. Ni sai da na yi shi na gane dalilin da ya sa mu a Kano muke cewa "zauna" da "sauro" alhali Basakkwace yana cewa "zamna" da "sabro". Nasa ne tsohon furuci, namu ne ya sauya, abin da ake kira dokar Klingenheben. Na sha haddace ta don jarrabawa, amma ban fahimce ta ba sai da na ji ta a bakin mutane.

Kada kuma ki ɗauka dole sai Hausa. Marigayi Russell Schuh na jami'ar UCLA a Amurka tare da Alhaji Maina Gimba na Jami'ar Maiduguri sun haɗa masu jin harsunan Yobe a farkon shekarun 2000, suka fitar da ƙamusoshin Bole da Bade da Ngizim da Karekare da Ngamo, aka buga su a Potiskum don masu harshen su iya saye. Gwandara, wadda ita ce mafi kusanci da Hausa a cikin dangi, har yanzu tana neman masu yi mata irin wannan hidima.

Akwai kuma sabuwar ƙofa da ba ta cikin sashen harsuna ma. Masu kimiyyar kwamfuta sun kafa ƙungiyar HausaNLP, suna aiki tare da Masakhane, wata ƙungiya irinta ta faɗin Afirka, don koya wa na'ura harsunan Afirka. A 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa sun fitar da NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter kusan 30,000 a kowane harshe, na Hausa da Yarabanci da Ibo da Fijin (Turancin buroka), inda mutane suka bi ɗaya bayan ɗaya suna tantance na yabo da na suka da na tsaka-tsaki. Na'ura ba ta san gatse ba. Idan Bakaniya ta rubuta "sannu da ƙoƙari", sai ke ce za ki san ko yabo ne ko baƙar magana. Suna bukatar irinku, ku ma kuna bukatar su.

Yanzu batun shiga. Babu fom. Ki je ɗakin karatu ki ɗauki mujallun Harsunan Nijeriya da Algaita na 'yan shekarun nan, ki ga wa yake rubutu a kan abin da ke burge ki. Ki riƙa halartar taron ƙara wa juna sani na sashe da zaman kare kundi, ko ba a gayyace ki ba, ki zauna a baya ki saurara. Nan za ki gane malamin da ɗalibansa suke gamawa da wanda kundi ke kwana shekaru a teburinsa. Ranar da za ki je wurin malami, kada ki ce masa "Malam, a ba ni take". Ki je da abu a hannu: hirar minti goma sha biyar da kika naɗa, misali ta cinikin atamfa tun daga tayi har sallamawa, da izinin waɗanda kika naɗa, kin rubuta ta, kin ja layi a ƙarƙashin abu biyu da suka ɗaure miki kai. Da wuya malamin kirki ya ga wannan ya sallame ki hannu rabbana.

Kafin ki amince ki zauna da kowace ƙungiya, ki yi tambaya biyu cikin ladabi. Ta farko, idan aka buga maƙala da aikin da kika yi, za a sa sunanki? Ta biyu, ina ake ajiye abin da aka naɗo? Wannan ta biyun daga ciwo na faɗe ta. A wata makaranta da na taɓa koyarwa, ba a Kano ba, mun shekara biyu muna bin tsofaffin mata muna naɗar waƙoƙin daka da na niƙa, aka zuba kasakasan a kwali a ofishin wani abokin aiki. Da ya yi ritaya aka share ofishin. Yawancin matan nan sun rasu. Don haka duk abin da kika naɗa, ki ajiye shi wuri uku, ki rubuta rana da unguwa da shekarun mai magana a jikin kowane fayil tun a ranar, kafin ki kwanta.

Idan kin naɗo hirar, ki turo mini shafi biyu na farko in duba miki karin sautin.