Ruwan lagireto yana raguwa, amma ba a ganin inda yake zuba

Tambaya: Assalamu alaikum. Kusan wata biyu ke nan ina ƙara ruwa a lagireton motata duk bayan kwana huɗu ko biyar, amma ban taɓa ganin ko ɗigo ɗaya ba a inda take kwana. Bakanike ya leƙa ya ce gasket ɗin kan inji ne ya ƙone, sai an sauke kan. Ni kuwa ina tsoron a buɗe mini inji a kan zato. Mene ne shawararku?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, tsoronka yana kan hanya, domin sauke kan inji shi ne aiki na ƙarshe da ya kamata a yi, bayan an kore duk sauran dalilai.

Rashin ganin ruwa a ƙasa ba hujja ba ce cewa cikin inji yake shiga, kamar yadda yakan faru idan gasket, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone. Idan inji ya ɗau zafi, ruwan yana cikin matsi, kuma akwai tsagar da ba ta fi kaurin silin gashi ba, wadda ba ta buɗewa sai a wannan lokacin. Ɗan abin da ya tsarto yana faɗawa a kan ƙarfe mai zafi ya ƙafe nan take, sai dai ya bar shaida. Ka buɗe bonet da safe kafin a tayar da mota, ka haska tocila a bakin kowane tiyo da maɗaurinsa, da mahaɗar roba da ƙarfe a saman lagireto, da ƙarƙashin famfon ruwa inda akwai ɗan rami da ke tsiyaya idan roban cikinsa ya ci. Abin da za ka nema shi ne busasshen ɓawo, fari ko mai launin ruwan da kake zubawa, kamar gishirin da gumi yake bari a riga.

Murfin lagireto ma abin tuhuma ne, kuma mutane da yawa ba sa kallonsa. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, amma murfi mai lafiya yana riƙe matsin da ya kai kusan 'bar' 1 a ma'aunin matsi, wanda yake ɗaga matakin tafasar zuwa wajen digiri 120. In robansa ya bushe ko sifirin ɗinsa ya saki, ruwan zai riƙa fita a matsayin tururi ana cikin tafiya. Haka nan ka taɓa kafet ɗin ƙasan kujerun gaba: danshi da ƙamshi mai zaƙi-zaƙi da gilashi mai yawan hazo alamu ne cewa ƙaramin lagireton hita da ke bayan dashbod ne yake yoyo.

Gwajin da na fi ba wa muhimmanci shi ne na matsi. Ana ɗaura wani ɗan famfon hannu mai agogo a bakin lagireto inji yana sanyi, a hura iska daidai adadin da aka rubuta a kan murfin, a bar shi kamar minti 15. Idan allurar agogon ta sauka, akwai yoyo, kuma sau da yawa a lokacin za ka ga ɗigon da idonka. Idan ya ɓuya, ana zuba wani rini da ke ƙyalli a ƙarƙashin fitila ta musamman.

Shi kuwa gasket, idan shi ne, yakan tona kansa: farin hayaƙi mai kauri daga salansa ko bayan inji ya yi zafi, baƙin mai da ya koma kalar shayi da madara, kumfa da ke tasowa a bakin lagireto, ko fulogi ɗaya da ya fita fes kamar an wanke shi alhali sauran suna da dauɗa. Akwai kuma wani shuɗin ruwan gwaji da ke komawa rawaya idan hayaƙin ƙonuwa yana shiga ruwan. Ka nemi bakaniken ya nuna maka ɗaya daga cikin waɗannan kafin ya ɗauki sifana.

Kafin nan, don Allah kada ka kwance murfin lagireto inji yana da zafi, domin tafasasshen ruwan yana iya watso maka a fuska, kuma da zarar allurar zafi ta haura inda ta saba tsayawa, ka faka ka kashe motar.