Likita ya ce za a sa wa Baba jaka a ciki, shin dole ne?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Mahaifina ya fi shekara yana shan maganin basir, sai gwaji ya nuna ciwon daji ne a ƙasan babban hanji. An ce za a yi masa aiki, bayan gida ya riƙa fita ta jakar da za a manna masa a fatar ciki. Ya ƙi yarda. Babu wata hanya? Daga wata 'yar'uwa a Gwale.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Abin da ke yanke hukuncin jaka shi ne tazarar da ke tsakanin ƙarin, wato tsiron ciwon dajin, da bakin dubura. In ƙarin ya kama tsokar da ke riƙe bayan gida, dole a cire ta gaba ɗaya, jakar kuma ta zauna kenan. In yana sama, ana yanke wurin a haɗa hanji, a sa jaka ta wucin gadi don ɗinkin ya warke, a rufe bayan kamar wata 3 ko in an gama kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji. Don haka ki raka Baba wurin likitan tiyatarsa, ku tambaya ƙarara: wacce daga cikin biyun? Ku tambaya kuma ko gashi (ƙona ƙarin da hasken na'ura) da kemo kafin aiki za su rage girman ƙarin. Hoton MRI, wato hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka, shi ne ke nuna inda ƙarin yake da girmansa, kuma a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano akwai likitocin da wannan ne aikinsu.

Abin da nake tsoro shi ne jinkiri. In ƙarin ya toshe hanji, ciki ya kumbura, amai ya fara, aikin gaggawa za a yi, kuma jakar da ake gudu ita za a sa, a jikin da ya riga ya galabaita.

Kula da jakar abu ne da ake koya tun a gadon asibiti. A zubar in ta cika kashi ɗaya cikin uku, kada a bari nauyi ya ɓamɓaro ta. Mannin da ke jikin fata ana canza shi bayan kwana 3 zuwa 5, amma a zafin Kano gumi kan sassauta shi da wuri, sai a busar da fatar sosai kafin a manna. Wani kuskure da ake yawan yi shi ne yanka ramin mannin ya yi faɗi: ƙazanta ta taɓa fata, ta saɓe, mannin ya daina kamawa. Bakin hanjin da aka fito da shi ta fatar ciki ja ne mai laima. In ya koma baƙi, ko gudawa ta yi yawa fitsari ya ragu, a tafi asibiti a ranar. Kada ya ɗauki kaya mai nauyi na mako 6 zuwa 8.

Sau da yawa abin da ke damun dattijo tsarki ne da sallar jam'i, ko da bai faɗa ba. Ku kawo malamin da yake jin maganarsa ya yi masa bayanin hukuncin mai lalura. Jakar tana ɓuya a ƙarƙashin riga, kuma masu ita suna zuwa masallaci da kasuwa.

Ke da 'yan'uwanki kuma ku yi gwajin leƙa hanji da kyamara daga shekara 40, ko kafin nan in likita ya ce, domin ciwon yakan bi jini.