Filin Amsoshinku: Mai kalanguna da kwamfuta sun ƙi jituwa

TAMBAYA: Salam Yaya, ina da ɗan situdiyo a Funtuwa, ina haɗa kiɗa da manhajar FL Studio kuma muna zuwa wasa gidan biki da mawaƙina da wani dattijo mai kalangu. Matsalar ita ce in na saki kiɗan a laftof, farko lafiya lau suke tafiya tare, amma da an fara liƙi fili ya ɗau zafi sai baba ya ƙara gudu ya bar kwamfuta a baya, kiɗa ya cakuɗe har kunya ta kama ni. Na ce masa ya bi inji ya ce shi bai taɓa bin inji ba. Dan Allah ya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Gaskiya ni ina bayan baba a wannan magana. Kwamfuta in ka sa mata BPM 110, wato bugu 110 a minti ɗaya, haka za ta tafi har gobe ko fili ya kama da wuta, shi kuwa mai kalangu idonsa na kan masu rawa, kunnensa na kan bakin mawaƙi, in aka ambaci wani Alhaji aka fara zubar da kuɗi dole hannunsa ya ƙara zafi, ai aikin kenan, don haka aka gayyato shi. To tun kafin ku hau fili sai ku yanke shawara waye jagora, inji ko mutum, don jagora biyu ba sa tafiya.

In inji ne zai ja, sai an sa wa makaɗi kilik a kunne, wannan ƙas-ƙas ɗin na metronom, shi kaɗai ke ji. Ko baka da sawunkad, wato na'urar da ke fitar da sauti daga kwamfuta, mai mafita huɗu akwai dabara: ka tura kilik gaba ɗaya ɓangaren hagu, kiɗa ɓangaren dama, ka raba waya, dama ta tafi sifika hagu ta tafi iyafis, wato abin sawa a kunne, na baba. Amma mai waya fa, kar ka kuskura da na Bluetooth, jinkirinsa kaɗai ya isa ya ɓata komai. Wannan hanya tana da kyau wajen ɗaukar waƙa a situdiyo, amma a gidan biki, da dattijon da ya shekara talatin ko fiye yana kiɗa da jin jikinsa, wallahi ɗaure shi za ka yi, kiɗan ya fito ba rai.

Abin da nake ba ka shawara shi ne ka bar shi ya ja, kai ka bi. A FL Studio in ka danna dama a kan lambar tempo, wato gudun kiɗa, za ka ga Tap, kana bugawa daidai da hannunsa inji na gyara gudunsa. Sai dai kula da wani abu da ke rikita yara da yawa, kiɗanmu mai yawa a 6/8 yake tafiya, uku-uku, kai kuma furojet ɗinka, wato kiɗan da ka gina a inji, na 4/4, huɗu-huɗu, sai ka ga ka buga ya ba ka 80 alhali a 120 ka gina kiɗan, ba inji ne ya lalace ba, bugun da kake ƙirgawa ne daban. Ka zauna da baba a gida ku gane wane bugu ne ƙafarsa ke takawa, shi za ka riƙa bi.

In kuma kana iya koyon wata manhajar kiɗa Ableton Live, tun fitowar Live 11 a 2021 suka sa wani abu Tempo Follower, yana sauraron makirfo ya riƙa bin gudun makaɗi da kansa. Kar ka sa makirfon a kan kalangu, don kalangu magana yake, ya yi kirari ya tsaya ya ja ya saki, injin zai ruɗe. Ka sa shi a kan kuntuku ko wata ganga da ke riƙe da bugu ɗaya ba ta sauka. Kuma ka yanka kiɗanka gajeru-gajeru, luf, wato guntun kiɗa mai maimaita kansa, na bas daban, na fiyano daban, maimakon doguwar waƙa ta minti shida da ba ta lanƙwasuwa, ta haka in mawaƙi ya tsawaita yabo kai ma kana da abin da za ka ci gaba da juyawa.

Sai maganar jinkiri, da yawa ana zagin makaɗi alhali laifin saiti ne. Bafa, wato saitin yawan sautin da inji ke tarawa kafin ya saki, in tana 512 a 44.1kHz jinkirin kusan milisakan 12 ne, ka sauke shi zuwa 128 ya dawo kusan 3, ka yi amfani da direban ASIO, wato manhajar sauti mai rage jinkiri. Sauti kuma kansa yana cin kusan milisakan 3 a kowace mita, in baba na zaune mita goma daga sifika to a makare yake jin kiɗanka. Ka aje masa ƙaramar sifika kusa da ƙafarsa, ku gwada sau biyu ko uku a gida kafin bikin gaba, in akwai inda ya ƙi ka sake rubuto mana.