Tambaya da Amsa: Shin madara tana wanke gubar dalma?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ƙanin maigidana yana sayen tsofaffin batiran mota wurin 'yan bola jari, ya fasa su ya narkar da dalmar a bayan gidanmu, inda yarana suke wasa. Na yi magana, ya ce dalma ƙarfe ce kamar kowane ƙarfe, kuma yana shan gwangwanin madara bayan aiki, tana wanke komai. Hankalina ya ƙi kwanciya. Wata uwa daga Gombe.

AMSA: Wa'alaikumus salam. Hajiya, kina da gaskiya da hankalinki ya tashi.

Dalma ƙarfe ce, ba musu, amma ba kamar kowane ƙarfe ba. A kasuwa maganaɗisu ke raba gardama: dangin baƙin ƙarfe gefe guda, sai waɗanda ba ya kamawa, irin su jan ƙarfe, alminiyam, tutiya, zinariya, kuza irin ta ƙasar Toro, da ita dalmar. Wannan rabon na farashi ne, babu ruwansa da lafiya. Jikinmu yana buƙatar ɗan baƙin ƙarfe a jini, da tutiya, da kalsiyam a ƙashi. Dalma kuwa, ita da zaiba, ba su da wani aiki a jiki sai ɓarna. Tana da laushi har farce na iya karce ta, ta ninka alminiyam nauyi fiye da sau 4, kuma tana narkewa a zafin digiri 327, alhali baƙin ƙarfe sai ya kai 1538. Shi ya sa murhun gawayi da tsohuwar tukunya suka ishi ƙanin naki kafa masana'anta a tsakar gida.

To, sai batun madara, wanda wallahi na gaji da jin sa. Masu walda sun faɗa, masu fentin mota sun faɗa, har wasu masu kemis suna tofa masa albarka don su sayar da gwangwani. Madara ciki take zuwa. Hayaƙi da ƙurar dalma huhu suke shiga, daga nan su wuce jini kai tsaye. A ina za su haɗu har ta wanke su? Kuma jiki yana ɗaukar dalma ne tamkar kalsiyam, sai ya kai ta ƙashi da haƙori ya ajiye, ta zauna shekaru da yawa tana komawa jini kaɗan-kaɗan. Iyakar gaskiyar da ke cikin zancen ita ce, yaron da ke samun abinci mai kalsiyam da sinadarin ƙarfe, hanjinsa ba ya zuƙar dalma sosai kamar na mai yunwa. Wannan ba magani ba ne. Illar wannan camfi ita ce mutum ya sha gwangwani ɗaya ya ji ya kammala rigakafi, gobe ya koma bakin tukunya ko takunkumi babu. Haka manja, haka tsamiya, haka jiƙe-jiƙen da ake talla da lasifika a tasha.

Yaran ne abin tsoro. Dubi tokar nan mai ruwan ƙasa-ƙasa da yake kwashewa daga saman narkakkiyar dalma ya watsar gefe: yaro zai dafa wurin, ya ɗauki ƙuli-ƙuli da hannun ya kai baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jikin yaro na zuƙar ninki 4 zuwa 5 na abin da babba ke zuƙa, kuma babu wani adadi da za a ce ba ya cutarwa. A Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu a yankunan Anka da Bukkuyum, saboda ana daka dutsen zinariya mai dalma a cikin gidaje. Sau da yawa ma babu wata alama sai yaro ya dakushe a karatu, a yi ta dukansa ana ce masa daƙiƙi.

Ki sami maigidan ki gaya masa a tsanake, shi ya dace ya tsawata wa ƙaninsa, aikin nan ya bar gidan. Kada ki share wurin a bushe, a yayyafa ruwa a kankare ƙasar saman a fitar da ita, kuma a daina wanke kayan aikinsa tare da na yara. Ki kai su babban asibiti ki ce gwajin dalma a jini kike so, shi ma ƙanin maigidan ya je. Akwai maganin da ke fitar da ita, amma likita ne kawai ke bayarwa bayan ya ga sakamako. In akwai mai ciki a gidan, a fara da ita, domin dalma tana ratsa mahaifa ta kai ga jariri.